Sabuwar shekara a Jidda, da wasiƙar da aka aika wa baƙi

Ɗaya ga Janairu ranar aiki ce a nan Jidda. Bas ɗin asibiti zai tsaya a ƙofar gidan ma'aikata da sassafe yadda ya saba, masu aikin dare su miƙa wa masu aikin safe marasa lafiya, a ci gaba da allura da awon jini da sauya ledar ruwa. Babu hutu, babu ƙararrawar coci, babu yara da sababbin kaya suna zaga gidaje. Ko Lahadi ma ranar aiki ce, don tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar. Tun 2016 gwamnati ta mayar da biyan albashin ma'aikatanta kan kalandar Miladiyya, kuma a 'yan shekarun nan akan yi wasan wuta a Riyad a daren, amma tsofaffin da nake jinya, in ka ce musu shekara ta juya, Muharram suke ganewa.

Agogonmu yana gaban na Najeriya da awa biyu. Idan sha biyun dare ta buga a Jidda, a Zariya goma ce, lokacin mutane suke cika benci. Don haka sau biyu nake tsallaka shekara, na farko da 'yan ɗakinmu, na biyu da ƙarfe biyun dare, sa'ad da ƙanwata za ta ɗaga waya sama a cikin coci a Wusasa don in gani in ji. Hoton yakan tsaya, murya ta yanke, amma ko ido a rufe na san abin da ake yi. Sanyin hunturu yana shigowa ta taga, iyaye mata sun lulluɓa da zane biyu-biyu. Zumuntar Mata sun fito da tulu da caki, waƙa ɗaya sai ta ja su tsawon lokaci ba wadda ta gaji. Ga masu ba da shaida: wadda ta haihu bayan dogon jira, wanda ya tsira a hanyar Kaduna, wanda ya binne nasa a cikin shekarar amma ya miƙe ya ce duk da haka Allah abin godiya ne. Sai shirun nan na gab da sha biyu, kowa a durƙushe. Sai ƙararrawa, sai guɗa, barka da sabuwar shekara, Allah ya nuna mana ta baɗi. Garin da na tashi ke nan, inda tsohon cocin St. Bartholomew na ginin ƙasa yake tsaye tun 1929, inda muka buɗe ido muna addu'a da Hausa, muna karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara buga shi cikakke a 1932.

Nan kuwa babu ginin coci ko ɗaya a faɗin ƙasar, kuma doka ba ta yarda wanda ba Musulmi ba ya yi ibadarsa a fili. Abin da mutum ya yi a ɗakinsa, ƙofa a rufe, murya ƙasa-ƙasa, shi ne rabonsa. Muna kiyaye dokar masu gida, kuma a nan zan tsaya kan wannan batu. Sai dai zama da Kiristoci na wasu ƙasashe ya nuna mini abin da ban lura da shi ba a gida. 'Yan Filifin sukan jera 'ya'yan itace masu zagaye guda goma sha biyu a tebur, ɗaya don kowane wata. 'Yar'uwarmu ta Habasha ta riga ta yi tata sabuwar shekarar tun Satumba, Kirsimetinta kuma sai 7 ga Janairu, daidai da Kibɗawan Masar. Ko Ingila da ta turo mana 'yan mishan, sai a 1752 ta mayar da farkon shekararta Janairu. Kafin nan 25 ga Maris ne. Raya daren ƙarshen shekara da addu'a ma ba daga zamanin manzanni ya taso ba. Kiristocin Morabiya ne suka saba da shi a ƙarni na 18, John Wesley ya ɗauka ya yaɗa shi cikin mabiyansa, har ya iso gare mu. Al'ada ce mai kyau, ina ƙaunarta ƙwarai, amma ranar ita kanta ba ta da wani iko. Magana tana ga abin da mutum ya kawo gaban Allah a daren.

To, mu 'yan ci-rani me muke kawowa? Kusan addu'a ɗaya ce kowace shekara: Ubangiji, bari bana ta zama ta ƙarshe, in tattara in koma.

Shiga ɗakin kowace nas 'yar Najeriya a garin nan, za ka ga kwali a lungu an naɗe shi da salatif, ana tara kayan kargo: bargo, tukunyar lantarki, abayoyi, turare, dabino. Bango ba hoto. Ba mai sayen labule mai kyau, na mene ne tunda tafiya za a yi? Albashi na shigowa, kafin a ankara ya zama bulo da kwanon rufi a Zariya ko Jos ko Kafanchan, ya zama kuɗin makaranta da maganin hawan jinin Mama. Wannan ba laifi ba ne, don shi muka zo. Ni ma yarana suna hannun mahaifiyata, kuma ba ranar da ba na jin zafin abin da yake wuce ni na girmansu. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, mu kuwa a jikinmu muke jin maganar.

Abin da yake ci mini rai shi ne ba labule kaɗai muke ɗagawa sai mun koma ba. Har bangaskiyarmu mun ɗaure ta cikin kwalin kargo. In na koma zan shiga ƙungiyar mawaƙa. In na koma zan riƙa zuwa nazarin Littafi. In na koma zan je in shirya da wance. In na koma zan yi wa Allah aiki. Kwantiragi kuwa sabunta shi ake yi, iƙama, wato takardar izinin zama, ma haka, kuma duk sa'ad da takardar ta zo akwai dalilin sa hannu: rufi bai ƙare ba, naira ta sake faɗuwa, ɗa ya samu jami'a. Na san matan da suka zo da niyyar shekara biyu, yau furfura ta fito musu a nan. Shekarun da suka wuce ɗin nan su ne ran mutum, ba za a sake ba shi wasu a madadinsu ba, kuma Allah zai tambaye shi abin da ya yi da su.

Akwai ayar da ba a rasa ta a sabuwar shekara, a kalandar bango, a saƙon WhatsApp, a bakin mai wa'azi: Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake yi mana, na alheri ne ba na masifa ba, don ya ba mu bege da kyakkyawan ƙarshe. Tun muna makarantar Lahadi muka haddace ta. A nan ne na zauna na karanta surar tun daga farko, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya yi haka kafin daren 31. Wasiƙa ce. Irmiya yana Urushalima ya rubuta wa mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila tare da sarki Yekoniya, wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Akwai dattawa a cikinsu, akwai firistoci, akwai masu sana'ar hannu da maƙera. Mutane ne da ke kwana su tashi da tambaya ɗaya, yaushe za mu koma? Zabura 137 ta nuna halin masu zaman Babila: sun rataye garayunsu a itatuwan bakin kogi, sun ce yaya za su raira waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa.

Kuma ba a rasa masu faɗa musu abin da kunnensu yake so ba, a can Babila da a gida. Sura ta 28 ta ba da labarin Hananiya, wanda ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, kowa ya dawo, har da kayan Haikalin da aka kwashe. Amsar Irmiya tana taɓa ni duk lokacin da na zo kanta. Bai fara da faɗa ba, cewa ya yi amin, Ubangiji ya sa haka. Shi ma abin da yake so ke nan. Amma abin da Allah ya ba shi ya rubuta daban ne. Ku gina gidaje ku zauna. Ku shuka lambuna ku ci amfaninsu. Ku yi aure, ku aurar da 'ya'yanku, ku yawaita, kada ku ragu. Ku nemi lafiyar birnin da na kai ku, ku yi masa addu'a, don a cikin zaman lafiyarsa ne ku ma za ku zauna lafiya. Shekara saba'in, sa'an nan komowa. Bayan duk wannan ne aya ta 11 ta zo. A yi lissafi mana: dattijon da aka karanta wa wasiƙar nan a bakin kogin Babila, shekara saba'in ba za ta same shi da rai ba. Alkawarin nasa ne duk da haka, kuma hanyar da aka nuna masa ta karɓarsa ita ce ya ɗauki fartanya ya fara, a wurin da wasiƙar ta same shi.

Ba na raina annabcin da ake yi a daren tsallaka shekara. Allah yana magana har yau, yana kuma buɗe ƙofofi, na gani da idona. Amma idan kowace shekara abin da ake ce mana ke nan, bana taka ce, bana za a ɗaga ka, bana za a sauya maka wuri, sai mutum ya shiga Janairu yana leƙen hanya, kafin Ista ya karaya, ya fara zargin kansa ko zargin Allah. Ina tunanin wanda shekara za ta juya yana kwance a gadon asibiti, da wadda aka sace mijinta har yau shiru, da wanda bashi ya hana shi barci. Su ma suna da rabo a sabuwar shekarar nan ko da wurinsu bai sauya ba, kuma mai wa'azin da bai faɗa musu haka ba ya tauye su.

Kada a ɗauki maganata wani wuri. Saudiyya ba Babila ba ce, ba wanda ya kamo ni. Da ƙafata na je aka tantance ni na sa hannu, ƙasar nan kuma ta ciyar da iyalina, ina gode mata. Gida ma ba zan gina a nan ba, ranar da kwantiragi ya ƙare bizar fita ce. Amma sashen wasiƙar da ya ce a nemi lafiyar birni a yi masa addu'a, wannan ba ya buƙatar fili ko takardar zama ɗan ƙasa.

Waɗanda suka fi koya mini wannan Hausawan Jidda ne, kuma Musulmi ne. Kafin zuwan jirgin sama kakanninsu da ƙafa suka tako, ta Borno da Cadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma su tara guzuri, wasu su shafe shekaru a hanya kafin su ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin. Wasu sun baro gida ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, cikin ayarin Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da jama'a har Sudan. Da yawa sun zo da niyyar sauke farali su juya, sai zama ya kama su. Jikokinsu ne masu sunan Hausawi, har da Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Wasu sun samu takardar ƙasa, wasu an haife su a nan, an haifi iyayensu a nan, har yau ba su da ita. Na san daga mulkin wa kakannin wasunsu suka gudu, shi ya sa karɓar da suke yi mini take da nauyi a wurina.

Saboda Hausa, duk sashen da aka kwantar da wanda ba ya jin Larabci ko Turanci, musamman lokacin Umra da Hajji, ni ake nema in yi tafinta. Ta haka na san wata Hajiya, dattijuwa mai ciwon suga, wadda tun tana amarya aka kawo ta daga Kano, ta shafe rayuwarta a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin kudancin birni tana sayar da tuwo. Ranar farko ta tambayi sunana, ta ji, ta gane.

Ta ce, "'Yata, ke Kirista ce?"

Na ce, "E, Hajiya."

"Kuma Bahaushiya?"

"Gaba da baya, Hajiya. Daga Zariya."

Ta yi murmushi ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka. Zo ki duba mini ƙafar nan."

Daga nan zumunci ya ƙullu. Addinina da nata daban, ba mu ɓoye wa juna ba, ba mu kuma taɓa jayayya a kai ba. Idan lokacin salla ya yi ni ke miƙa mata kujera don ba ta iya tsayuwa, idan Kirsimeti ta zo ita ke fara kirana ta ce yaya yara, an yi musu ɗinki kuwa?

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka yi babban rusau a Jidda. Unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara suka tafi, inda dubban baƙi suke zaune, da Hausawa a cikinsu. Tata unguwar ma ta tafi. Ta koma ɗaki ɗaya na haya can gefen gari, nesa da masu sayen tuwonta da maƙwabtan da suka tsufa tare. Da na je gaishe ta na tafi da kalmomin jaje a bakina. Na tarar ta jera gwangwanayen madara a bakin taga ta shuka barkono da lalo. Ta riga ta san sunan maƙwabciyarta 'yar Yaman, ta san wane yaro ne ba shi da lafiya a benen, har ta aika masa da kunu. Na ce, "Hajiya, ba kya tunanin gida? Kano fa tana nan." Ta ce, "'Yata, ina tunani mana, har mafarkinta nake yi. Amma inda asuba ta same ki, nan za ki yi salla. Ba kya cewa sai na koma Kano."

Mu 'yan Angilika akwai abin da yake shige mana cikin hayaniyar barka da shekara. A kalandar ikkilisiya, 1 ga Janairu ranar sunan Yesu ce, kwana na takwas daga Kirsimeti, ranar da aka yi masa kaciya aka raɗa masa suna yadda Luka 2:21 ta faɗa. Maryamu da Yusufu a kan tafiya suke, ƙidaya ce ta kai su Baitalami, amma da kwanakin suka cika sai suka yi abin da Shari'a ta ce, ba su jira komawa Nazarat ba. Bulus ma, bayan ya sadu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, ya ce a Galatiyawa 1:17 bai hau Urushalima wurin manzanni ba, Arabiya ya nufa. Arabiyar zamaninsa ƙasar Nabatawa ce, wadda kudancinta ya kai har Al-Hijr kusa da Al-Ula, cikin Saudiyya ta yau. A Najran kuma, can kudu, akwai Kiristoci tun kafin zuwan Musulunci. Idan na durƙusa a ɗakina ina kiran sunan Yesu a hankali, ba ni na fara a kan ƙasar nan ba, kuma sanin haka yana ƙarfafa ni.

Don haka bana addu'ar da zan shiga shekara da ita ta sauya. Zan ci gaba da roƙon Allah ya mayar da ni gida lafiya a lokacinsa, ni ma amin nake cewa. Amma abin da zan iya farawa a nan, zan fara shi a Janairun nan.

Na farko Larabci. Wanda nake da shi na bakin gado ne, "fen alam" (ina ke ciwo), "mafi mushkila" (babu matsala), da 'yan kalmomin magani. Tsohuwar da take kuka da tsakar dare kuwa ba ciwo kaɗai take faɗa ba, wani lokaci ɗanta take kira wanda bai zo ba, kuma yaya zan nemi lafiyar mutumin da ba na jin maganarsa? Wata abokiyar aikina 'yar Sudan ta yarda za ta riƙa koya mini. Doka ta hana wa'azi, ba zan karya ta ba. Amma ba ta hana ni juya tsoho a gado a hankali ba, ba ta hana ni amsa kira na goma da fuskar da na amsa na farko ba, ba ta kuma hana ni ambaton sunan kowane majiyyaci a zuciyata ina wanke hannu ba. Zan yi wa birnin nan addu'a da sunansa, da shugabanninsa yadda 1 Timoti 2 ta umarta, da 'yan Bangaladash masu goge-goge da ba mai gaishe su, da 'yan aikin gida 'yan ƙasarmu da ake kawo mana a galabaice ba su san kowa ba. Safiyar Juma'a kuma, in ba ni da aiki, ta Ubangiji ce, wanki da barci su jira azahar. Maganar da ta shiga tsakanina da wata 'yar'uwa a gida ma ba za ta jira jirgi ba, tunda ga waya.

Akwai abin da ba ya samuwa a nan ko ta yaya. Jibin Ubangiji sai na je hutu, kuma ba abin da nake kewa kamarsa. Waƙa da dukan murya ma haka. Waɗannan na bar su a hannun Allah, shi ya san ina so.

Mama, na san ƙanwata za ta karanta miki wannan, ke kuma za ki kai wa iyayenmu na Zumuntar Mata. Ku ci gaba da addu'ar da kuka saba yi mana, ta a dawo da mu lafiya, muna buƙatarta. Amma idan kun durƙusa a daren 31, ku ƙara mana da cewa Allah ya sa mu yi amfani a inda muke. Ku sa Jidda a ciki, da marasa lafiyarta. Ku sa Hajiya ma. Ƙafar ba ta warke ba, likita ya fara maganar yanke yatsa, kuma Juma'ar farko ta Janairu zan je in wanke mata ciwon in ga yadda yake.